Maganin feshi da ruwan rijiya a fadamun Kebbi: tambayoyi da amsoshi

Da gaske ne maganin da aka fesa a gona yana iya kai wa ga ruwan rijiya?

Da gaske ne. Abin da bai tsaya kan ganye ba ƙasa yake sauka, ruwan sama ko na ban ruwa ya tafi da shi ƙasa. A fadamun Argungu, Suru da Bunza ruwan ƙarƙashin ƙasa kusa yake, shi ya sa 'yar rijiyar da aka haƙa a gefen gona take wadatar da injin ban ruwa. Wannan kusancin da ya sauƙaƙa noman rani shi ne ya gajarta wa magani hanya.

Kowane magani haka yake?

A'a. Akwai mai maƙalewa a jikin ƙasa, akwai mai bin ruwa. Glyphosate da paraquat, magungunan kashe ciyawa, suna kama laka gam, ba su cika nutsawa ba, duk da cewa paraquat guba ne mai kisa ga wanda ya sha. Atrazine kuwa, da ake fesa wa masara da dawa, yana daɗewa bai lalace ba, kuma ruwa na jansa. Yawan ganinsa a ruwan ƙarƙashin ƙasa ne ya sa Tarayyar Turai ta janye izinin amfani da shi a 2004. Imidacloprid, maganin ƙwari, shi ma yana cikin masu bin ruwa. Saboda haka a duba sunan sinadarin da ke jikin roba, ba sunan da mai shago yake kiransa ba.

Akwai darasin da za a ɗauka daga filin wasan golf, inda ake feshi kan yashi?

Dandalin ciyawar da ramin ƙwallo yake, a Amurka galibi kan yashi ake gina shi: kimanin santimita 30 na yashi, tsakuwa a ƙarƙashi, sai bututun fitar da ruwa. Ana yawan yi masa feshi, ana kuma ba shi ruwa kullum. Masu kula da shi sukan gauraya yashin da ruɓaɓɓen tsiro don ya riƙe magani har ƙwayoyin halittar ƙasa su narkar da shi, su auna ruwan da suke bayarwa, su kuma fesa inda cuta ta bayyana kawai. Mai albasa a ƙasa mai rairayi a wajen Aliero matsalarsu ɗaya da masu filin golf, kuma takin gida shi ne nasa ruɓaɓɓen tsiron.

To me manomi zai yi?

Kada a yi feshi hadari na haɗowa. Kada kuma a fesa da safe a cika fangali da ruwa da yamma, sai dai in takardar maganin ta ce a ba shi ɗan ruwa. Ƙarin murfi ɗaya "don ya fi ci" asarar kuɗi ce, rarar tana komawa ƙasa.

Amma abin da ya fi damuna bakin rijiya ne. Nan ake ajiye injin feshi, a tsiyaya magani, a tsoma tiyo har cikin tanki, kumfa ta tumbatsa ta gangara gindin bututu. In injin ban ruwa ya mutu tiyon na cikin tanki, haɗin na iya komawa rijiyar kai tsaye. A ɗebi ruwa a jarka, a yi nisa da rijiya, a haɗa can. Robar da ta ƙare a ɗauraye ta sau 3, a juye ɗaurayen cikin tanki, a huda ta don kada yaro ya mai da ita gorar ruwa.

In an tafasa ruwan fa?

Tafasawa ƙwayoyin cuta take kashewa, ba ta fitar da irin su atrazine. Ruwan na iya zama garau, ba wari ba ɗanɗano, alhali da magani a ciki. Gwaji ne kaɗai ke nunawa. Mai zuwa gona ya tafi da ruwan shansa daga gida, musamman a makonnin feshi.