Mene ne "nauyin baki" a harkar neman aure?

Da wuya ka zauna a wata fada ta samari, wato majalisarsu ta hira da shan shayi, a Damagaram, a Birni ne ko Zango ko Sabon Gari, ba ka ji an tsokani wani da cewa nauyin baki gare shi ba. Asali yara ake gaya wa haka: yaron da sa'o'insa suka fara magana shi bai fara ba, sai a ce yana da nauyin baki. Ana kuma faɗa wa babban da magana ba ta dame shi ba. Amma a bakin samari kalmar ta samu wata ma'ana ta musamman, wato saurayin da ke son yarinya, abokansa sun sani, ƙannensa sun sani, mai shagon bakin layinsu ma ya gane, ita kaɗai ce ya kasa buɗe baki ya gaya wa.

Yawancin masu wannan hali ba shiru-shiru ba ne. Sau da yawa shi ne wanda ya fi kowa surutu a gindin butar shayi, mai gardamar ƙwallo har tsakar dare. Amma a aika yaro ya ce ana sallama da wance, ta fito ta shimfiɗa tabarma a zaure, sai ka rantse wani aka sauya. "Ina wuni. Ya gida? Ya su Inna?" Ta amsa. Ya yi shiru yana juya makullin babur a hannu. Can ya sake tambayar lafiyar su Inna. Daga nan ya duba agogo ya ce dare ya yi, ya ajiye jika ɗaya a gefen tabarma, ya tashi. A hanya ne duk maganar da ya tsara tun safe za ta dawo masa.

Mutane kan haɗa wannan da kunya, kuma a nan nake ganin ake kuskure. Kunya a wurin Bahaushe tarbiyya ce mai ƙa'ida: ita ke hana mace kiran sunan mijinta ko na ɗanta na fari, ita ke sa mutum ya sauya hanya in ya hango surukinsa. Mai kunya ya san abin da ya bari, kuma da gangan ya bari. Kawaici ma haka, ka ga abu ka kau da kai don girma. Mai zurfin ciki zai iya faɗa, bai ga dama ba ne. Shi kuwa mai nauyin baki yana so ya faɗa, ya yi niyya, ya fito daga gida don haka, tsoro ya danne shi. Jikinsa ma yana ba da shaida: zuciya na bugawa da sauri, tafin hannu na gumi, yawu ya ƙafe, irin abin da jiki ke yi in ya hangi haɗari. Kuma ba ciwon Hausawa kaɗai ba ne. A shekarun 1970 masanin halayyar ɗan Adam Philip Zimbardo na Jami'ar Stanford a Amurka ya yi bincike, kusan kashi 40 cikin 100 na waɗanda aka tambaya suka ce su masu noƙewa ne a gaban mutane.

Me yake tsoro? Na farko a ce ba a yi da shi, labari kuma ya kai fada, inda za a yi wata guda ana shan shayi da shi. Na biyu rashin sabo: yaron da ya tashi tsakanin makarantar allo, kasuwa da majalisar maza, bayan ƴan'uwansa bai taɓa doguwar hira da mace ba. Na uku, wanda ya fi nauyi, aljihu. A nan "ina son ki" ba ta tafiya ita kaɗai. Tana fita, abin da ke biyo baya shi ne "yaushe za ka turo magabatanka?", sai lissafin sadaki, akwati da ɗakin da za a zauna. Ɗan kabu-kabu ko ɗalibin Jami'ar André Salifou da bai kama aiki ba ya san haka sarai. Irin wannan ban cika ganin laifinsa ba, domin aƙalla ya san kalmar tana da farashi.

Iyayenmu sun san da masu nauyin baki, shi ya sa ba su ɗora neman aure a kan harshen saurayi shi kaɗai ba. Akwai aboki da ke rakiya zance, ya yi ta zuba shi gogan yana sunkuye. Akwai ƙanwa ko gwaggo da ke kai saƙo. Akwai toshi, akwai kuɗin na-gani-ina-so, wanda sunansa kaɗai ya gama maganar. Da boko ya zo aka ƙara da wasiƙa. A tarihin Musulunci ma, Nana Khadija ƙawarta Nafisa bint Munya ta aika wa Annabi (SAW). Sayyidina Ali kuwa, da ya ji kunyar yi wa Annabi wata tambaya saboda yana auren ƴarsa, Miƙdad bin Aswad ya tura. Kunyar ta hana shi zuwa da kansa, amma tambayar ta isa, amsa ta dawo. Masu fakewa da hadisin da ya ce kunya ba ta zuwa sai da alheri nan ne suke tsallakewa.

Da waya ta zo an ɗauka magani ya samu. Ta taimaki wasu, ba musu. Amma ta kuma ba mai nauyin baki maɓoya: kullum "slm, ya kike", kullum shi ne farkon kallon abin da ta ɗora a WhatsApp, ya tura mata kuɗin waya, ya taya ta aikin makaranta. Yana ganin yana gini, ita kuma ta ajiye shi a gurbin da ta ga ya dace da shi. Ranar da ta fara ce masa "Yaya" da zuciya ɗaya, magana ta lalace. Daga nan sai wata rana ta ce, "Yaya, akwai wanda ya ce zai turo, ina son shawararka."

An ce labarin zuciya a tambayi fuska, an ce shiru ma magana ce. Gaskiya ne, mata da yawa suna ganewa tun ranar farko. Sai dai ganewa ba ta ba ta abin da za ta kai wa mahaifiyarta in an tambaye ta wa ta tsayar. A shari'a shirun budurwa ne aka ɗauka izini in waliyyinta ya nemi yardarta. Ba a taɓa ɗaukar shirun namiji a matsayin nema ba. Hadisi ya hana mutum nema a kan neman ɗan'uwansa, kuma Risalar Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan malamanmu, ta bayyana cewa hanin yana hawa ne in ɓangarorin biyu sun karkata ga juna. Saboda haka wanda ya yi shekaru yana sintiri a ƙofar gida bai ce komai ba, ba shi da hakkin da aka taka in wani ya zo ya furta aka ba shi. Ƙorafin "an ci amanata" da ake ji a fada bayan an sa rana, yawancinsa daga nan yake.

Abin da ake buƙata a faɗa ma bai kai yadda ake tsoronsa ba. Ba sai an yi kalamai irin na fim ba. "Na yaba da hankalinki, in ba a yi miki miji ba ina son in turo manyana," ya wadatar, da baki ko a rubuce ko ta bakin yayarta. Wanda bai shirya ba ya faɗi gaskiyar lokacin da yake ganin zai shirya, ita ta zaɓi jira ko tafiya. In ta ce tana da wanda ta tsayar, a yi godiya a janye. Naci bayan an ce a'a, da tare hanya, da kiran waya cikin dare, wannan kuma wani hali ne daban, kuma iyayenta suna da damar kai ƙara wurin mai unguwa.