Sa hannun mai unguwa bai kammala cinikin gida ba

An daɗe ana ɗauka cewa da zarar mai unguwa da shaidu sun sa hannu a takardar ciniki, gida ya zama naka. Takardar shaida ce ta biyan kuɗi, amma ba ta wadatar ba. A Najeriya, dokar filaye ta 1978 ta damƙa filayen jiha a hannun gwamna, don haka gida mai takardar mallaka ba ya sauya hannu sai da amincewarsa.

Kafin ka biya, sa lauyanka, ba na mai sayarwa ba, ya duba fayil ɗin gidan a ofishin rajistar filaye: sunan wa ke ciki? An jinginar wa banki? In na gado ne, kowane magaji ya amince a rubuce.

Don Allah a tura wa masu shirin sayen gida.