Waiwaye: Gwajin magani kan yara, daga Kano zuwa Madarunfa

A Maradi, da wuya a yi zancen gwajin magani kan yara ba a tuno da Kano ba. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwaji da yara kusan 200 a Asibitin Zana na Kano: rabi aka ba su sabon magani Trovan, rabi wani magani da aka sani. Yara 11 suka rasu, wasu suka kurumce ko suka shanye. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su, iyaye kuma suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba. Sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75. Kafin nan zargin ya taimaka wajen ƙin rigakafin shan inna a 2003, cutar ta tsallako har Nijar.

Ba don babu doka ba ne. Tun 1947 ƙa'idar Nuremberg ta ce ba a gwaji kan mutum sai da yardarsa, sanarwar Helsinki ta 1964 ta ƙara ƙarfafa hakan.

Yunwar 2005 ta jawo ƙungiyoyin agaji Maradi, musamman ƙungiyar likitoci ta MSF (Médecins Sans Frontières), bincike ya biyo bayan jinya. Daga 2014, Epicentre, reshen bincike na MSF, ta gwada Rotasiil, rigakafi mai jure zafi na gudawar da ƙwayar cutar rotavirus ke haddasawa, kan jarirai sama da 3,500 a Madarunfa da ke yankin Maradi, da amincewar kwamitin ɗa'a na ƙasa. Sakamakon 2017 ya nuna kariyar kusan kashi 67 cikin 100 daga gudawa mai tsanani ta rotavirus. Aikin ya yi amfani, kodayake rabin jariran an ɗiga musu abin da ba rigakafi a cikinsa, don kwatance.

Inda gizo ke saƙar shi ne ita yardar. Uwar da ɗanta ke fama da tamowa, ba ta karatu, ba ta da kuɗin magani, in likita ya miƙo takarda ya ce ta dangwala yatsa, tana jin za ta iya cewa a'a? Sau da yawa ma mai gari da mai gida sun riga sun amsa. Ƙa'ida ta ce a bayyana mata da harshenta gaban shaida, a tabbatar mata ƙin shiga ba zai hana ɗanta magani ba. Kwamitin ɗa'a yana Yamai yana duba takardu, alhali wannan bayanin a rumfar asibitin ƙauye ake yin sa.