A-kori-kura mai gazuwal don jan remok

A-kori-kura mai gazuwal mota ce mai ɗakin direba a gaba da buɗaɗɗen bodi a baya, injinta na aiki da man gazuwal, wanda a Najeriya ake ce wa dizal ko man gas. A Maraɗi an fi kiranta pikap. Remok kuwa ƙaramar tirela ce marar inji, mai gatari ɗaya ko biyu, da ake maƙala wa mota a baya. A jihar Maraɗi ana jan remok don kai tankin ruwa, janareta, kayan haƙar rijiyar burtsatse, buhunan gero, wake, gyaɗa da aya, wani lokaci da dabbobi ranar kasuwa. Mai neman motar ja yakan fara da tambayar ƙarfin inji, alhali lambobin nauyi, birki, sanyaya inji da irin man da motar za ta sha su ne ke yanke hukunci.

Tarihi

Injiniya Bajamushe Rudolf Diesel ya samu takardar mallakar ƙirar injinsa a farkon shekarun 1890, kuma a 1897 ya nuna injin da ya yi aiki yadda ake so. Shekaru da dama injin ya zauna a masana'antu, jiragen ruwa da manyan motoci kafin ya sauko ƙananan motocin ɗaukar kaya.

A ƙasar Hausa, a-kori-kurar da ta fara cika hanyoyin kasuwanni ita ce Peugeot 404, daga wajejen ƙarshen shekarun 1960, sai 504 ta bi bayanta. Kamfanin haɗa Peugeot na Kaduna ya fara aiki a 1975, abin da ya sa kayan gyara suka wadata har kasuwannin Katsina, Jibiya da Maraɗi. Waɗannan motoci ɗaukar kaya aka san su da shi. Da ƙafafun baya kawai suke ja, yawancinsu kuma masu fetur ne, don haka ba su yi suna a jan remok cikin rairayi ba.

Motocin Japan ne suka canza lamarin. Toyota ta fitar da Hilux a 1968, Mitsubishi ta fitar da L200 a 1978, sannan jerin Land Cruiser 70 na Toyota ya zo a 1984. Injin Toyota 1HZ mai silinda 6 da lita 4.2 ya fito a 1990, samfurin Land Cruiser 79 mai dogon bodi kuma a 1999. Juriyar motocin Toyota a hamada ta kai har aka laƙaba wa ƙarshen yaƙin Cadi da Libiya na 1987 suna Yaƙin Toyota. Isuzu D-Max ta fito a 2002. Daga farkon shekarun 2000 injuna masu turbo, wato na'urar cusa wa inji ƙarin iska, da allurar mai ta kwamfuta suka fara maye gurbin masu famfon mai na ƙarfe zalla.

A Amurka hanyar daban ce. Dodge ta sa injin Cummins mai lita 5.9 a motar Ram a 1989, Ford ta kawo Power Stroke a 1994, General Motors ta kawo Duramax a samfurin 2001. Waɗannan manyan motoci suna jan tan 6 zuwa sama da 10, amma ba a cika ganinsu a Maraɗi ba, kayan gyaransu ma sai an yi oda daga nesa.

Abin da ya sa ake fifita gazuwal

Injin gazuwal ba ya da fulogin wuta. Yana matse iska ninki 15 zuwa 22 har ta yi zafin da mai ke kamawa da kansa. Wannan matsi ne ke ba shi ƙarfin murɗawa tun inji bai yi gudu ba, wato daidai lokacin da ake son tayar da nauyi daga tsaye. Litar gazuwal kuma ta fi litar fetur makamashi da kimanin kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari.

Ana auna ƙarfin murɗawa da ma'aunin newton-mita, wato Nm. Tsohon injin 5L-E na Hilux mai lita 3.0 yana ba da wajen 200. Injin 1HZ yana ba da 285. Mai turbo 1KD na lita 3.0 yana ba da 343, 2GD na lita 2.4 yana kai 400, V8 na Land Cruiser 79 da ya fito a 2007 yana ba da 430, shi kuma 1GD na lita 2.8 ya kai 500 tun 2020 a motoci masu giyar otomatik. A takarda 1HZ ya yi ƙasa sosai, kuma gaskiya ne da remok mai nauyi yakan yi nawa a hawa. Amma yana jure mai marar tsabta fiye da sauran, kuma bakanike a Dakoro ko Mayayi yana iya kwance shi ya ɗaura ba tare da kwamfuta ba.

Lambobin nauyi

Nan ne aka fi yin kuskure. Lambobi huɗu ake dubawa, a farantin ƙarfe da ke jikin ƙofa ko cikin ɗakin inji, a littafin mota, da kuma a takardar mota da ake kira kat giriz.

Ta farko nauyin mota ba kaya. Ta biyu iyakar nauyin mota da duk abin da ke cikinta, wadda takardun Faransanci ke rubutawa PTAC. Ta uku iyakar nauyin mota da remok a haɗe, wato PTRA. Ta huɗu iyakar abin da motar za ta ja, kuma kashi biyu ce: kilo 750 idan remok ba ta da birki, sannan kilo 2,500 zuwa 3,500 a yawancin pikap na zamani idan tana da birkinta.

Lambar 3,500 tana yaudarar masu saye. A ɗauki misalin mota mai nauyin kilo 2,100 ba kaya, PTAC 3,100, PTRA 5,850. Idan aka ɗaura mata remok mai kilo 3,500, abin da ya rage wa motar kanta shi ne 2,350. A cire nauyinta, saura kilo 250 kacal: direba, yaron mota, tayar safaya ta biyu da jarka ɗaya sun cinye shi. Babu wurin buhu ko ɗaya a bodi. Wanda ke son ɗora buhu 5 masu kilo 100 a bodi, tare da mutum uku a gaba, sai ya rage nauyin remok zuwa ƙasa da tan 3. Masu aikin ja na yau da kullum sukan tsaya a kashi 80 cikin ɗari na iyakar da kamfani ya rubuta, domin an auna wannan iyaka ne a kan kwalta mai kyau, ba a rairayin Gulbin Kaba ba.

Lissafin kayan kansa ba wuya. Litar ruwa kilo ɗaya ce, don haka tankin lita 1,000 tan ɗaya ne kafin a ƙara nauyin tankin da na remok. Duro mai lita 200 na gazuwal yana ɗauke da wajen kilo 170 na mai. Tanki ba cike ba ya fi cikakke haɗari, saboda ruwan yana tafiya gaba da baya yana tunkuɗar mota duk lokacin da aka taka birki, sai dai in an yi wa tankin shinge a ciki.

Akwai kuma nauyin da bakin remok ke dannawa a kan maƙalar mota. A Amurka ana son ya kasance kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyin remok, a Turai ana barinsa ƙasa da haka tare da rage gudu. Wannan nauyi yana shiga lissafin kayan mota, kuma yana sauka bayan gatarin baya, don haka yana ɗaga gaban mota. Idan ya yi yawa, sitiyari ya yi sakwa-sakwa, fitilu su kalli sama, sifirin na baya ya miƙe. Idan ya yi kaɗan, remok ta fara kaɗa wutsiya. Ƙa'idar lodi ita ce kashi 60 na kaya a gaban gatarin remok, masu nauyi a ƙasa, a ɗaure su tamau.

Maƙala, sarƙa da birki

Maƙala iri biyu aka fi gani. Akwai ƙwallon ƙarfe mai faɗin milimita 50, ma'aunin Turai, akwai kuma ƙugiya da zobe, wadda ta fi dacewa da hanyar gargada da remok ɗin janareta. Ƙwallon Amurka mai inci 2 milimita 50.8 ne. Ido ba ya rabe su, amma haɗa bakin wani da ƙwallon wani yana sa ya ƙi zama ko ya yi wasa har ya fita. A shasi ake ɗaura maƙala da ƙusoshi masu ƙarfi, ba a bamba ba. Walda kai tsaye a jikin shasi tana raunana ƙarfen, kuma daga gefen waldar tsagewa ke farawa. Sarƙoƙi biyu na tsaro ana gicciya su a ƙarƙashin bakin remok, don in ya kuɓuce ya faɗa kansu maimakon ya caki ƙasa.

Yawancin remok da maƙeran walda ke haɗawa a gari da gatarin tsohuwar mota ba su da birki. Irin wannan remok, komai ƙarfin motar da ke janta, iyakarta kilo 750 ce har da nauyin jikinta. Tankin lita 1,000 a kanta ya riga ya wuce iyaka. Birkin remok iri biyu ne: na turawa, wanda ke kamawa da kansa idan remok ta danno mota, da na lantarki, wanda ke buƙatar na'urar sarrafawa a ɗakin direba. Na turawa ya fi sauƙin gyara a nan. Fitilun baya da sigina suna bi ta soket mai baki 7 ko 13, kuma remok marar fitila a hanyar Ɗan Isa da dare tarko ce ga masu babur.

Zafi, ƙura da mai

A watannin Afrilu da Mayu zafin Maraɗi yana wuce digiri 40. Mota mai jan tan 2 a wannan yanayi lagiretonta ne ke fara nuna gajiya. Ciyawa da ƙura suna toshe ramukansa daga waje, ruwan rijiya kuma yana tara masa kanwa daga ciki. Cire tamostat, wato bawul ɗin da ke daidaita zafin ruwan inji, wanda wasu ke yi da sunan maganin zafi, ba ya magance komai, yana dai hana inji kai zafin da ya dace da aikinsa. Idan allurar zafi ta hau, a kashe na'urar sanyi, a sauka gefe, a bar inji yana aiki a hankali, kada a buɗe murfin lagireto da zafinsa. Mota mai giyar otomatik tana buƙatar ƙarin abin sanyaya man giya, domin zafi ne ke kashe ta.

Ƙurar hunturu tana cika filtar iska cikin kwanaki. Alamarta baƙin hayaƙi da raguwar ƙarfi. Ga motar ja, ana canza baƙin mai duk kilomita 5,000. Injin 1HZ, 5L da KD suna da bel mai daidaita lokacin buɗewar bawul da ake canzawa a kan kari, GD kuma sarƙa gare shi. Mota mai turbo a bar ta ta yi minti ɗaya ko biyu tana aiki bayan doguwar tafiya kafin a kashe.

Matatar SORAZ da ke kusa da Damagaram ta fara aiki a ƙarshen 2011, da ƙarfin tace ganga 20,000 a rana. Man gidan mai ya fi aminci. Na jarka da kwalba a bakin hanya kan zo da ruwa, ƙasa ko gaurin kananzir. Injin zamani yana tura mai da matsin da ya kai bar 1,600 zuwa 2,000 ko fiye, ta ramukan nozul da suka yi kusan siririn gashi, ɗigon ruwa kaɗan ya isa ya lalata su. Shi ya sa ake ƙara filta ta biyu mai raba ruwa, a riƙa tsiyaye ta. Motocin Turai da aka shigo da su ta tashoshin Kwatano da Lome sukan zo da matatar hayaƙi a salansa da tankin AdBlue, wato ruwan rage gubar hayaƙi. An ƙera su ne don mai mai ƙarancin sulfa, idan matatar ta toshe kwamfuta tana rage ƙarfin inji ko da ana tsakiyar hawa.

Tuƙi

A kan babbar hanya ta ɗaya, wadda ta taso daga Yamai ta ratsa Ƙonni da Maraɗi zuwa Damagaram, gudun kilomita 80 a awa ya isa. Idan remok ta fara kaɗawa, a ɗaga ƙafa daga totur, a riƙe sitiyari a miƙe, kada a danna birki da ƙarfi. A gangara a sauko da giya. A rairayi a sa ƙafa huɗu da ƙaramar giya tun kafin a shiga, a rage iskar taya har da ta remok, a mayar da ita da zarar an hau kwalta. Tayar da nauyi da rabin kuloci shi ke ƙona faranti, ana jin warinsa kafin a ga illarsa. Ba a barin ƙafa huɗu a kulle a kan kwalta. Bayan tafiyar kilomita 20 ta farko a tsaya a taɓa cibiyar tayar remok da hannu: in ta yi zafin da ba a iya riƙewa, boris ya bushe, yana neman giris.

Duba tsohuwar mota

A duba shasi a bayan ɗakin direba da kewayen maƙala, ko akwai lanƙwasa ko sabuwar walda. A tayar da inji da sanyin safiya a kalli hayaƙi. Kumfa a lagireto alamar lalacewar gasket ɗin kan inji ce. Lambar da ke jikin taya tana faɗin abin da za ta ɗauka: 112 na nufin kilo 1,120.

Takardu

Bisa tsarin yarjejeniyar Vienna ta 1968 kan zirga-zirgar motoci, permi na rukunin B yana rufe mota har kilo 3,500 da remok har kilo 750. Mai nauyi sosai tana buƙatar rukunin E.

Inda ake saɓani

Makanikai sun rabu a kan giyar hannu da otomatik: ta hannu ta fi sauƙin gyara, otomatik ta fi tausasa tashi da nauyi. Haka ma a kan ƙara wa 1HZ turbo da cire matatar hayaƙi. Masu yi suna cewa ƙarfi yana ƙaruwa, masu ƙi suna nuna fistocin da suka tsage da hayaƙin da ke ƙaruwa.