Rage Hayaƙin Masana'antar Ƙarfe: Nawa Zai Ci, Kuma Wa Zai Biya?

Me ya sa aka sa wa masana'antar ƙarfe ido haka?

Saboda kashi 7 zuwa 9 cikin ɗari na hayaƙin kabon da duniya ke fitarwa daga can yake fitowa. Ana narka kusan tan biliyan 1.9 na ƙarfe duk shekara, fiye da rabi a Chana. A babban tanderun da aka gada, kwal ne ke ba da zafi, shi ne kuma ke zare iskar oksijin daga jikin tama. Kowane tan ɗaya na ƙarfe da aka yi ta wannan hanya yana barin sama da tan 2 na hayaƙi.

Ai tsimin makamashi riba ce, ina tsadar take?

Matakin farko riba ce kam. Masana'anta na iya kama zafin da ke tsiyayewa ta mayar da shi lantarki, ko ta tara iskar gas ɗin tanderu ta sake ƙonawa. Irin wannan gyara yana mayar da kuɗinsa cikin 'yan shekaru, shi ya sa Japan ta yi nisa a kai tun bayan matsalar man fetur ta 1973. Sai dai tsimi yana da iyaka. Muddin kwal ne ke sarrafa tama, hayaƙi na nan.

To, mafita ta gaske fa?

Hanya biyu ce. Ta farko, narka tsofaffin ƙarafa a tanderun lantarki, irin waɗanda 'yan jari bola ke tarawa, kuma hayaƙinta bai kai sulusin na kwal ba. Amma tsohon ƙarfen da ake samu ba zai ishi buƙatar duniya ba.

Ta biyu ita ce maye gurbin kwal da iskar haidirojin, wadda ke fitar da tururin ruwa maimakon hayaƙi. Shirin HYBRIT na ƙasar Suwidin ya gwada, har ya miƙa wa kamfanin Volvo ƙarfen farko a 2021. Masu shirin da kansu sun ƙiyasta tun farko cewa zai fi na kwal tsada da kashi 20 zuwa 30. A nan gizo ke saƙar, domin samar da haidirojin yana shan lantarki sosai. A 2025 kamfanin ƙarfe na ArcelorMittal ya ƙi karɓar tallafin Yuro biliyan 1.3 daga Jamus don sauya masana'antunsa biyu, ya ce wuta ta yi tsada. Kuɗin gini sau ɗaya ake biya, kuɗin wuta kuwa kullum ne.

Wa zai ɗauki nauyin?

Mai sayen mota ba zai ji sosai ba, tunda ƙarfe ɗan kaso ne a farashinta. Ma'aikata ne ke ji a jikinsu. A Port Talbot da ke Birtaniya, kamfanin Tata Steel ya kashe tanderunsa na kwal na ƙarshe a Satumban 2024. Sabon tanderun lantarkin da zai maye gurbinsa zai ci Fam biliyan 1.25, miliyan 500 daga aljihun gwamnati, kuma ayyuka kusan 2,800 aka sanar za su salwanta. A ganina, duk lissafin da ya bar waɗannan magidanta a waje bai cika ba.

Ƙasashen da ba su sauya ba fa?

Tun daga Janairun 2026, Tarayyar Turai ta fara ɗora kuɗin hayaƙi a kan ƙarfen da ake shigar mata da shi. Masu sayar mata irin su Indiya da Turkiyya dole su saka wannan a farashinsu.