Baƙin mai ba ya cire tsatsa

A garejoji da maƙerun Garwa da Marwa da ke arewacin Kamaru, mutane da yawa sun taso da jin cewa idan fartanya ko sufana ta yi tsatsa, a shafa mata baƙin mai, shi ke nan tsatsar ta tafi. Ba abin mamaki ba ne a yarda da haka, domin mai yana mayar da jar tsatsa baƙa, ƙarfen ya yi sheƙi.

Amma tsatsar tana nan a ƙarƙashi. Tsatsa ƙarfen ne da kansa ya lalace bayan ya haɗu da ruwa da iska, kuma mai ba ya narkar da ita. Aikinsa shi ne tare danshi, yana kuma sassauta noti da ya cije.

Abu mai tsami ne ke cin tsatsa: ruwan lemun tsami, ruwan khal, ko jiƙon tsamiya mai kauri. A jiƙa ƙarfen ya kwana, a goge da burushin ƙarfe, a wanke, a busar da shi nan take, sannan a shafa mai. A nan ake yawan sakaci, ƙarfen da ya fito daga tsami yana saurin sake tsatsa, musamman da damina.

Kowa zai iya gwadawa: ƙusoshi biyu masu tsatsa, ɗaya cikin mai, ɗaya cikin lemun tsami, a goge su da safe a kwatanta.

Don Allah ku tura wa maƙera, kanikawa da manoman da kuka sani.