"Ai Saudiyya ba a biyan haraji": ina gaskiyar maganar?

Mutanenmu a Makka da Jidda sun daɗe suna faɗin haka, har wasu na ganin matasan da ke duba wa iyalai takardun kuɗi kyauta ba su da abin yi. Gaskiya ne gwamnati ba ta cire harajin albashi. Amma maganar ba ta tsaya nan ba.

Tun Janairun 2018 aka ɗora harajin kashi 5 cikin ɗari kan kayan saye, a Yulin 2020 ya koma kashi 15. Ki duba ƙasan rasit ɗin shinkafa da man girki, Hajiya, yana nan a rubuce.

Wanda ya fi karya talaka shi ne kuɗin iyali da baƙo mai iƙama, wato takardar izinin zama a ƙasar, yake biya. Ya fara da riyal 100 a wata kan kowane mutum a Yulin 2017, ya kai 400 a 2020. Magidanci mai mata da yara huɗu, riyal 24,000 ke nan a shekara, kuma ba a sabunta iƙama sai an biya. Sau da yawa dattijo bai san bashin na taruwa ba sai lokaci ya ƙure.

Nan ne mai taimako yake da amfani: ya buɗe masa Absher, manhajar gwamnatin Saudiyya, a waya, ya lissafa abin da ke kansa, ya rubuta masa ranar ƙarewar iƙamar kowa a takarda ɗaya, domin ya fara tarawa wata-wata kafin tara ta hau.